Wa Ke Turo Hadari?

A ƙauyenmu na bayan Yekuwa, in ruwa ya yi jinkiri binne ake yi: a zuba irin gero a busasshiyar ƙasa, a rufe, a jira. Ranar binne ba mai jin daɗin tuwo, don an kwashe abin da ya rage a rumbu an ba ƙasa. Da an yi isha'i sai kakarmu Inna Hajo ta tara mu bakin murhu, tana tura kara a wuta. Tatsuniya ɗaya take yi a irin wannan rana, ni kuwa ba na ƙaunarta ko kaɗan.

"Ga ta nan tafe, ku matso," haka take farawa. Wai wani manomi ne ya gaji da jira, ya ɗauki gora da sanda ya tafi neman mai ruwa. Ya tarar da hadari, ya ce, "Kai ne ka hana mu?" Hadari ya ce shi ɗan aike ne, iska ke turo shi. Iska ta ce zafin rana ke tayar da ita. Rana ta ce ita ma ba ta taɓa zaɓar hanyarta ba, ya ƙara gaba.

Nan Inna ke tsayar da tatsuniyar ta hau gyaran wuta.

"To, ya same shi?" na tambaya wata rana.

"Kai dai da azarɓaɓi! Yana can yana tafiya."

"In ya kai ƙarshe bai tarar da kowa ba fa?"

Ta zungure ni da kara, ta ce in yi istigfari. Na yi, amma tsoro bai sake ni ba.

Yanzu ni mushe ne, wato malamin makaranta, a wani kolej a Magariya. Kowace shekara ina zana wa yara tafiyar ruwa a allo: rana ta dafa teku, tururi ya tashi, ya huce, ya zubo, ya koma teku. Duk abin da aka gaya wa manomin nan gaskiya ne, har jarrabawa nake yi a kai. Sai dai zanen nawa zagaye ne, ba shi da ƙarshen da za a tarar da wani zaune. Ina salla, ina azumi, amma duk ranar da na rufe zagayen nan da alli sai tsohon tsoron ya dawo. Na daɗe kafin in gane Inna ba mance ƙarshen ta yi ba. Ita ta san wurin Wanda ake zuwa, ba ta ga abin faɗa ba.

Bana wana Sani ya kira ni. "Kai da ka yi lakwal ka sha boko, me meteyo ta ce? In yi binne?" Hasashen yanayi a wayata ya nuna ruwa cikin kwana uku, na ce ya yi. Aka yi yayyafi, iri ya tsiro, sai sama ta ɗauke. Gero ya fara murɗewa, kuma Sani ba shi da wani iri.

Jiya aka fita roƙon ruwa, na hau kabu-kabu na je. Sani bai ce mini uffan ba kan maganar binne. Shi ya juya mini rigata baibai kamar ta kowa, ya ce, "Ɗaga hannu sosai, ƙanena, kai ka fi mu sanin abin da ake roƙo."

Na ɗaga. Muna cikin amin sai na ji iska mai laima daga kudu ta taɓa mini wuya, kuma na san abin da take nufi. Na roƙa wa Sani ruwa. Sannan na ƙara wata addu'a a ɓoye: in ya sauko, Allah ya bar ni in yi godiya kafin in tuna dalili.