Randar Inna da Sifikun Yaya

Abin da na fara gani shi ne hasken rana yana ratsa su. Yayana ya sauko da su daga bayan a-kori-kura, dogaye biyu, sirara kamar ƙyauren taga mai raga, ya jingina su da bangon zaure. Na ɗauka kayan ɗakin amarya ne. Lokacin kaina cike yake da littattafan soyayyar da nake haya a Tofa, duk abin da na gani sai na ɗaura masa aure.

"Sifiku ne, sakarya," in ji shi. Wajen 'yan gwanjo ya samo su a Kano. Ya ce wata 'yar leda ce a ciki, wutar lantarki ke kaɗa ta.

Da ya tada janareta ya kunna, muryar mawaƙiya ta fito tas, har numfashinta ina ji. Na lumshe ido. Gwaggo kuwa, ƙanwar Baba, wadda ke jagorantar mata a kowane biki, ta taɓe baki.

"Ina gangar? Kiɗan nan ba shi da gindi. Wa zai taka rawa da kukan sauro?"

Baba ya riga ya yanke magana: in mata ba su ɗauki Yaya kiɗa a bikin 'yar maƙwabcinmu ba, ya sayar da tarkacensa ya bi su Baffa noman albasa na rani a Watari. Shi kuwa ko warin albasa ba ya so.

Ya koma Kano ya sayo wufa, wata baƙar sifika mai faɗin faifai, aikinta kawai fitar da kaurin sauti. Sai dai ba ta da akwati. Ya sa ta a kwali, kwalin ya kama karkarwa. Ya gwada garwa, sai ka ce ana dukan kwanon rufi.

Ana saura kwana uku biki, Inna ta sa ni wanke babbar randarta. Na zura kai ciki ina rera waƙa, muryata tana dawo mini da kauri, ni kuma ina raya cewa wani saurayi mai mota ne ke amsa mini. Sai na ji an fizgo ni ta baya.

"Sake yi!" in ji Yaya.

Kafin azahar ya kifa wufar a bakin randa, ya naɗe da robar taya, ya liƙe gefen da laka.

"Randar da na zo da ita gidan nan?" in ji Inna. "Ruwan fa, a aljihunka za mu sha?"

Ya durƙusa yana ba ta haƙuri, kiɗa yana tashi daga randar da kauri, hannunsa ɗaya yana murɗa maɓalli, har ganga ta daina haɗiye muryar mawaƙiya.

Bayan la'asar Gwaggo ta zo, ta cire takalmi ta tsaya a tsakar gida.

"Kunna. Ni da tafin ƙafa nake jin kiɗa."

Ya kunna. Kaji suka watse. Gwaggo ta ɗaure fuska, amma kafaɗarta ta riga ta fara motsi.

"Ja'iri," ta ce. "Ranar kamu kar ka makara."

Yanzu Yaya yana da shago a Bacirawa, yana haɗa akwatunan wufa da katako. Ya fara furfura, 'ya'yansa biyar. Kunnensa na hagu ya ɗan yi nauyi, ko da yake matarsa ta rantse aike ne kawai ba ya ji.