Tafiyata Tamale Neman Bayanin Ɗigon Jini

Salaga, Litinin

Mun bar gida bayan sallar asuba, ni da Yaya Adisa, yayar mijina. Shekarata huɗu da aure ba haihuwa, kuma wata bakwai ke nan ina ganin ɗigon jini kwana goma bayan na yi wankan tsarki. Ɗigo biyu ko uku, ya tafi. Ban san ko ciki ne ke zubewa ba, ban ma san ko sallata tana karɓuwa ba.

Lorin doya muka hau, sule biyar kowacce. A shingen 'yan sanda, inda suka kafa sabuwar tutar nan mai baƙin tauraro, muka yi rabin awa.

Sabonjida

Ƙarfe ɗaya muka sauka Tamale. A unguwar Sabonjida wata ƙawar Yaya ta ba mu ɗaki da tuwon zafi. Ita ta ce mu je ƙauyen Kasalgu wurin Mma Sanatu, tsohuwar ungozoma, makauniya.

Kasalgu, Talata

Da hantsi muka taka a ƙasa. Gidan shi kaɗai ne a bayan gonar dawa, ko kaza babu. A jikin kukar tsakar gida an ɗaɗɗaure tsummoki farare, kowanne da tabon jini. Ganye na motsi, tsummokin ba sa motsi.

Kafin mu yi sallama Mma Sanatu ta ce, "Ta Salaga, shigo. Ke yayar miji, tsaya nan."

Ta ɗora hannu a marata. Hannun sanyi ƙalau.

"Mma, ciki nake zubarwa?"

"A'a, 'yata. Wata ce take zuwa bakin ƙofa ta koma. Ta ce kin hana a kira sunanta a gidanki."

"Wace ce?"

"Ramatu."

Ramatu tagwaiyata ce. Ruwa ya ci ta muna 'yan shekara tara, ina riƙe da zanenta. Ko mijina bai san an taɓa yin ta ba.

Ba ta ba ni magani ba. Tsummana mai ɗigon jinin kawai ta karɓa.

Komawa

Laraba da la'asar muka iso Salaga lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa Yaya Adisa da ba ta tambaye ni komai ba a hanya. Mijina ya taro mu a zaure ya ce, "Me aka ce?"

Na ce, "Malam, zauna. Ina da 'yar'uwa."