Yola zuwa Maiduguri a kan taswira

Lokacin da abin nan ya faru, sabon ma'aikaci ne ni a wata ma'aikata a Abuja, shekarun da farar hula suka dawo mulki, kowa na hawa jirgin sama kamar motar haya. Ko tabbatar da ni a aiki ba a yi ba, amma ji nake digirina ya fi na kowa. Aikina shirya wa oga tafiye-tafiye. Wata rana ya ce yana da taro a Yola ranar Juma'a da safe, kuma bayan an sauko masallaci shi ne waliyyin 'yar marigayi wansa a Maiduguri. Ya gargaɗe ni cewa in ya rasa ɗaurin auren nan, in nemi wani aikin.

Na ɗauko rula na ɗora a taswira, na auna, na buga lissafi, na ce masa minti arba'in ne a sama, ya kwantar da hankalinsa. Direbansa, wani dattijo Bagwari mutumin Kuje, ya ja ni gefe ya ce yana jin jiragen ƙasar nan kamar awaki suke, kowanne sai ya koma gida Abuja kafin ya sake fita. Wallahi dariya na yi masa, har na tambaye shi yaushe ya taɓa hawa jirgi.

Ranar Talata na je yankar tikiti a Wuse. Matar da ke sayar da tikitin ta dube ni ta ce babu jirgi tsakanin garuruwan nan biyu, sai an dawo Abuja, na Maiduguri kuma da safe yake tashi. Girman kai rawanin tsiya, na cire shi na je na tsuguna gaban dattijon. Bai ce ai na gaya maka ba. Cewa ya yi in roƙi mutanen Yola su dawo da taron Alhamis, shi zai kama hanya da mota tun Laraba ya jira mu a Yola. Na yini a waya ina magiya har suka yarda, sannan na shiga na gaya wa oga gaskiya, ya yi mini wankin babban bargo.

Juma'a muna idar da asuba muka bar Yola, muka bi ta Biu. Dattijon ya san kowane rami da kowane shinge. Liman na hawa mumbari muna shiga Maiduguri. Da na ji oga a wurin ɗaurin auren ya ce ya bayar, sai da na yi ƙwalla don murna.

Yau ni ne shugaban sashen, rular tana nan a durowata. 'Yan'uwa ma'aikata, kusa a takarda daban, kusa a ƙasa daban. Kafin ku yi wa wani alƙawarin lokaci, ku sauka ƙasa ku tambayi direba.