Karfasa Uku a Cikin Kindirmo

Ni ba matsoraci ba ne. Shekara goma sha huɗu ina jan bas tsakanin Kankia da Kano, na sha yin ido huɗu da tirela ina tauna goro. Amma kifin karfasa guda uku sun taɓa hana ni sukuni fiye da wata guda.

Kafin bas, na yi wa wani kamfanin gyaran hanya direba, kukunsu kuwa ɗan Indiya ne. A wurinsa na ga ana jiƙa kifi cikin kindirmo da tafarnuwa da citta da kurkum kafin a gasa. Ranar farko sai da na ja da baya, domin tun muna yara kakata take ja mana kunne cewa wanda ya haɗa kifi da nono a cikinsa, kuturta ya kira da bakinsa. Sai dai yunwa ta fi kakata iya wa'azi. Na ci, na ƙara, yatsuna goma suna nan. Na ce ƙila cikin direba ne, ba abin da ke kama shi.

Wata Asabar mota tana gareji, uwargida ta kwashi yara ta tafi barkar haihuwa, sai kwaɗayin abin ya taso mini. Na sayo karfasa, na sayo kindirmo a bakin tasha, na sa wa ƙofar gida sakata kamar mai buga jabun kuɗi, don a unguwarmu idan aka ga magidanci a madafi, kafin la'asar labari ya kai Kusada cewa an shanye shi. Na tsaga kifin, na kwaɓa haɗin. Abin ɗan Indiya ya yi mini lami, sai na daka daddawa na zuba, na barbaɗa yajin ƙuliƙuli, na ɗora kan gawayi. Ƙamshin ya tsallake katanga, ina jin har direbobin babban titi sun rage gudu.

Ina juya na ukun aka buga ƙofa. Na ji muryar uwargida, na zare sakata, sai na ji wata muryar a bayanta tana sallama. Surukata ce, daga Bauranya ta ƙasar Kusada, sun haɗu a hanya. Ban san lokacin da na jefar da cokali na faɗa ɗaki ba. Na gyara hula, na fito na durƙusa na gaishe ta kaina a ƙasa, na koma zaure, inda surukin kirki yake zama.

Uwargida ta ga kifi a kan wuta, ta gane aika-aikar da na yi. Don ta rufa mini asiri sai ta ɗaura zane ta tsaya a kai kamar ita ta ɗora kafin ta fita. Abin da ke cikin haɗin ne ba ta sani ba. Daga zaure na ji tana cewa, "Inna, ga ɗan kifi ki taɓa."

In shiga in ce kada ta ci? Suruki ba ya tsayawa a kan surukarsa tana cin abinci, balle ya riƙe mata hannu. In kuma na yi magana, na tona kaina sau biyu: ni na dafa, kuma da nono. Na yi tari, na yi gyaran murya, na kira akuyar da ba mu da ita. Ba wanda ya leƙo. Da aka fito da kwano, ƙaya ce kawai a ciki, tas kamar mataji.

Bayan Inna ta kama hanya na faɗa wa uwargida gaskiya. Ta zauna daɓas a kan turmi.

"Baban yara, uwata ka ba kifi da nono?"

"Ke kika ba ta, ni dafawa kawai na yi."

"To in yatsa ɗaya ya taɓu, kai za ka yi wa kawunnaina bayani."

Kawunnan nan su shida ne, kowanne kafaɗarsa ta cika ƙofar zaure.

Daga ranar na zama surukin da ba a taɓa yin irinsa ba a ƙasar Kusada. Ni da nake zuwa gaisuwa daga salla sai salla, na koma duk kwana uku ina Bauranya da goro ko sabulu. Sunkuyar da kan da al'ada ta ɗora mini ta yi mini rana, domin baki yana "ina wuni, Inna," ido yana ƙirga yatsun ƙafarta. Sai dai hannayen ne ban samu gani ba. Kullum suna cikin mayafi. Abin ya ƙara tsinka mini zuciya. Na rame har ɗan kamasho a tasha ya tambaye ni ko ramuwar azumi nake yi. Ina tuƙi ina ganin kaina a tsakar gidansu, kawunnai shida sun kewaye ni.

A zuwa na goma sha ɗaya ta miƙo hannu za ta karɓi goro, sai na ga wani fari-fari a bayan hannun. Na ce yau dai komai ta fanjama fanjam.

"Inna, ki gafarce ni. Kifin nan ba ɗiyarki ta dafa ba, ni ne. Kuma da kindirmo na jiƙa shi."

Ta karɓi goron ta ajiye. Sannan ta ce, tana kallon gefe kamar da katanga take magana, "Malam, ni da na tashi cikin shanu, nono zai ɓoye mani a baki? Tun lomar hwarko na ji shi."

"To, Inna, me ya sa kika cinye?"

"Mi zan yi? In ture kwano a gidan suruki, a ce ɗiyata ba ta iya girki ba?"

Ashe tun ranar ita ma ba ta da kwanciyar hankali. Kullum da safe sai ta fito rana ta duba hannuwanta, kuma farin da na gani garin magani ne da wata tsohuwa ta ba ta tana shafawa don rigakafi. Zaryar da nake yi ita ta ƙara firgita ta, don ta ɗauka na ga wata alama ne nake jin nauyin faɗa. Ta sa aka kawo ruwa a buta ta wanke hannun a gabana. Fata lafiya lau, ta fi tawa kyau.

Na ce, "Alhamdu lillahi. Maganar shiga madafin kuma, Inna..."

"Wane madahi? Ni ban ga kowa ba."

Da zan tafi ta sa aka ɗora mini ƙwaryar kindirmo a mota, da saƙo ta bakin ƙanwar uwargida: wancan na tasha ruwa ya yi masa yawa. Har yau Inna ba ta sake cin kifi a gidana ba sai ta tabbatar an yi kwana biyu ba a shigo da nono ba. Ni kuwa ina gasa abina, amma sai na leƙa titi na tabbatar motar Kusada ta wuce ba ta sauke Inna ba.