Dogon Numfashin Baba

Bayan an yi wa Baba aiki a gwiwa, cinyarsa ta hagu ta rame ta saki. Wata huɗu yana salla a kan kujera. Bai taɓa kokawa ba, sai dai nakan ga yana kallon buzunsa da ke rataye a zaure.

Likitar gashin ƙashi a Kankia ta ba mu maɗauri mai famfo. Za a ɗaura a saman cinya a hura, jini ya rage gudu, sannan ya riƙa ɗaga 'yar jakar yashi da ƙafa. Amma Baba yana da hawan jini. Ta rubuta wata lamba a bangon littafina, ta ce in riƙa auna jininsa, in ya wuce nan a daina.

Damina ce a Yashe. Kullum da hantsi mukan zauna ƙarƙashin darbejiya, gero na kaɗawa a bayan danga, kurciyoyi na kuka. Ina jin bugun jininsa a na'urar awon jini kamar wani yana tahowa daga nesa. Kullum kuma lambar tana matsowa kusa da ta likita, ni kuwa kunya ta hana ni faɗa masa.

Ran nan na bar kallon na'urar na kalli fuskarsa. Da ya fara ɗaga ƙafa sai ya ɗauko doguwar aya, ya ja ta a numfashi ɗaya, yadda ya saba koya wa ɗalibansa. Jijiyar goshinsa ta tashi.

"Baba," na ce, idona a ƙasa, "ba ka numfashi."

"Mi kika ce? Ni da ake kwatance da numfashina har Kusada?"

"Shi ne ke hawar da jinin. Likita ta ce kar a riƙe shi."

Ya yi dariya har jakar ta zame. "To, malama, ya zan yi?"

Muka koma tasbihi. Subhanallah in ya ɗaga, ya shaƙa in ya sauke. Lambar ta ja baya, ta zauna.

Gero ya fara nuna ranar da ya ce in sauko masa da buzun. Ya daɗe a sujada. Ina tsaye bakin zaure, ina kallon bayansa yana tashi yana sauka.