Yatsun Gwaggo Mai Kitso

Duk macen da ta girma a layin nan ta taɓa kuka a gaban Gwaggo mai kitso. Hannunta da zafi, bakinta ya fi hannun. Ko da ido rufe takan gane kan kowa: wannan mai tabo a ƙeya, waccan mai amosani.

Da ciwon daji ya kama ta, aka fara ɗaura mata ruwan magani a asibiti. Wanzami ba ya son jarfa. Ita da ke hana yara raki, ranar allurar farko sai da aka rirriƙe ta. Likita ya nuna mata wani ɗan fure ta taga, ya ce daga irinsa ake haɗa maganin.

"Wannan da ko akuya ba ta kulawa?" in ji Gwaggo.

Gashinta ya zube, ta yi dariya. Abin da bai ba ta dariya ba shi ne yatsu. Da farko kamar kiyashi na yawo a ciki, daga baya shiru. Likita ya riga ya gargaɗe ta, in ta ji haka ta faɗa a rage maganin, don jijiya in ta mutu ba lallai ta farfaɗo ba. Amma Gwaggo na ganin kumburin wuyanta yana sacewa, tana tsoron a rage ciwon ya dawo. Duk zuwa sai ta ce, "Lafiya lau, likita."

Ta warke kuwa. Gashi ya tsiro, mata suka dawo, kitson bai canza ba. Sai dai yanzu ba ta jin gashin, hannayen ne ke aikinsu kamar na wata baƙuwa.

Wata rana da hantsi tana yi wa maƙwabciyarta kitso, Gwaggo ta juya tana hira da tata 'yar, sai ta ga 'yar ta ƙura wa hannayenta ido. Ashe maƙwabciyar ta zame tuni, ta tafi ɗauko jaririnta. Yatsun ba su tsaya ba. Suna raba gashin da babu, suna tufkewa, har da ɗan jan nan na ƙarshe.

Gwaggo ta runtse ido. "Ke, riƙe min su."

'Yar ta durƙusa, ta kama yatsun da hannu bibbiyu, ta matse iya ƙarfinta.

Can Gwaggo ta ce, "Wai ba za ki riƙe ba ne?"