Ɗakin da Yaya Mamman Ya Gina a Tsibiri

Da safe na ɗebo ruwa, Yaya Mamman yana ta yaɓen bango. Shi magini ne tun muna Matameye. Aikin tilas na Faransa ne ya kore mu, muka bi fatake har bakin teku. Muka zauna a wani tsibirin rairayi tare da masunta, muna yi masu dakon kifi.

Masunta a bukkokin ganyen kwakwa suke kwana. Yaya ya ce shi ba kaza ba ne. Ya sa aka kawo jar ƙasa daga ƙetare cikin kwale-kwale, ya gina ɗakin soro irin na gida.

Da hantsi iska ta tashi. Da azahar teku ya soma ruri kamar ana kirɓa turame. Ba a yi ruwan sama ba, amma ruwa ya iso gindin kwakwa. A wajenmu ruwa daga sama yake zuwa, kuma in hadari ya taso ɗaki ake shiga.

Sarkin masunta ya zo da gudu. “Ku fito! Ku shiga jirgi!”

Yaya ya ce, “Rufe ƙofa.”

Na rufe, na tokare ta da turmi.

Kafin la'asar ruwa ya kai gwiwa. Gishiri gare shi. Bango ya jiƙe daga ƙasa, yana zuba kamar kunu. Igiyar ruwa ta farko ta ɓalle ƙofa. Ta biyu ta kwashe bangon gabas. Yaya ya sa kafaɗa ya tare azara, jini na zuba daga kansa.

“Fita, Isufu!”

Na fita. Rufin ya sauka a kansa gaba ɗaya.

Ruwa ya maka ni da kututturen kwakwa, haƙarƙarina biyu suka karye. Na rungume kututturen. Na ga akuya ta wuce, na ga wata mata da goyo ta wuce. Dab da magariba masunta suka jawo ni cikin jirgi.

Washegari muka koma. Rairayi ne kawai, sai wuri ɗaya da ya yi ja.

Bayan damina na isa Matameye a ƙafa. Inna tana sussuka a tsakar gida. Ta dubi bayana, ta daɗe tana dubawa. Sai ta tambaya ko an fuskantar da Yaya gabas a kabari.

Na ce mata bangon gabas ne ya fara faɗuwa. Iyakar abin da na sani ke nan.